Cefane a Kasuwannin New Bell ta Birnin Duwala

1.0 Gabatarwa

Duwala ita ce cibiyar kasuwancin ƙasar Kamaru. A nan babbar tashar jiragen ruwan ƙasar take, a bakin kogin Wuri, kusa da inda yake shiga teku. A tsakiyar birnin akwai wata tsohuwar unguwa mai cunkoson jama'a da ake kira New Bell, inda Hausawa suke zaune tun zamanin mulkin mallaka. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake yin cefane a kasuwannin wannan unguwa da kewayenta, wato inda kayan abinci suke fitowa, da lokacin da ya dace a saye su, da yadda ake auna su, da kuma irin maganar da ake yi wajen ciniki.

Bahaushe ya taso ne a ƙasar da rana take adana masa abinci: ya shanya kuɓewa, ya shanya kuka da tattasai, ya zuba hatsi a rumbu. Duwala kuwa gari ne na ruwan sama da laima, inda ɗanyen abu bai cika kwana biyu bai lalace ba. Saboda haka kwandon cefanen Bahaushiyar New Bell yakan haɗa kayan ƙasashe biyu, na arewa da na kudu, kowanne da sunansa da ma'auninsa da mai sayar da shi. Wanda ya fahimci wannan kwando ya fahimci wani babban ɓangare na rayuwar Hausa a wajen ƙasar Hausa.

2.0 Ma'anar Cefane

Cefane shi ne sayen kayan da za a yi girkin yini da su, musamman kayan miya. Kuɗin da maigida yake bayarwa kowace safiya don wannan hidima su ake kira kuɗin cefane. Ya kamata ɗalibi ya bambanta kalmar da wasu makusantanta. Awo shi ne sayen hatsi da ma'auni, kamar gero ko masara ko shinkafa. Sari shi ne sayen kaya da yawa domin a sake sayarwa. Ita kuwa kalmar "cefanar", ko da yake tushensu ɗaya da cefane, ma'anarta sayarwa ce, kamar a ce: "Ya cefanar da gonarsa."

Ana iya kasa kayan cefane gida huɗu. Na farko kayan gwari, wato tumatir da tattasai da attarugu da albasa da sauran ɗanyun kayan lambu. Na biyu ganyaye, kamar alayyafo da yakuwa da shuwaka. Na uku nama da kifi. Na huɗu kuma busassun kayan miya da kayan ƙamshi, kamar kuka da daddawa da citta da kanumfari da masoro. A Duwala akan ƙara wani kashi na biyar wanda yake da muhimmanci ƙwarai, wato agada da rogo da gwaza da doya, domin su ne suke tsayawa a matsayin tuwo a gidaje da yawa.

3.0 New Bell da Zuwan Hausawa

A shekarar 1884 sarakunan ƙabilar Duwala suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa, daga nan mulkin Jamus ya soma a Kamaru. Daga shekarar 1910 Jamusawa suka fito da shirin tayar da mutanen gari daga filayen bakin kogi, domin wurin ya zama na Turawa zalla. Sabon matsugunin da suka keɓe wa zuriyar Sarki Bell shi aka sa wa suna New Bell, kuma aka bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninsa da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya jagoranci adawa da wannan shiri, har Jamusawa suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. A watan Satumba na wannan shekara sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace birnin, daga 1916 kuma ya koma hannun Faransa.

Yawancin waɗanda aka yi unguwar dominsu ba su zauna cikinta ba. Sai ta zama masaukin baƙi masu zuwa neman aiki a tashar jiragen ruwa da layin dogo da kantunan Turawa. Kowace al'umma ta kama gefenta, shi ya sa har yau ake jin sunaye irin su New Bell Bamileke da New Bell Basa da New Bell Hausa da unguwar Kongo. A tsarin mulki na yanzu New Bell tana cikin gunduma ta biyu ta birnin.

Hausawa sun gangaro kudancin Kamaru ne ta hanyoyin fatauci da suka bi ta Yola da Banyo da Tibati da Ngaundare, suna cinikin goro da hauren giwa da tufafi da dabbobi. Wasu kuma sun zo a matsayin sojojin Jamus. Akwai abin lura a nan. A bakin mutanen kudancin Kamaru, kalmar "Hausa" ba ta tsaya ga Bahaushen asali ba. Bafulatani da Babarbare da Bakotoko, kai duk Musulmin da ya fito daga arewa, ana iya kiransa da ita. Don haka idan aka ce unguwar Hausawa a Duwala, ana nufin unguwar Musulmi 'yan arewa da baƙi daga Nijeriya da Nijar da Cadi, inda ake jin Hausa da Fillanci da Faransanci a layi guda.

4.0 Kasuwannin da Ake Zuwa

Babbar kasuwar birnin, wadda ake kira Marché Central da Faransanci, a cikin New Bell take. Ban da rumfunan da ke cikin gininta, kasuwar ta malala zuwa titunan da ke kewaye, inda mata suke baje kayan gwari a kan tebura da buhunan da aka shimfiɗa a ƙasa. Kusa da ita akwai kasuwar Kongo, wadda aka fi sani da atamfa da yadi da teloli, da kasuwar Nkololun ta kayan gwanjo, da kuma kasuwar awaki, inda ake sayen raguna lokacin suna da Babbar Salla.

Wanda yake son kaya da yawa yakan fita daga unguwar. Kasuwar Sandaga, a wajen tashar jiragen ruwa, nan ne manyan motoci suke sauke tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa da 'ya'yan itatuwa, kuma nan 'yan sari suke yin sammako. Mai neman ɗanyen kifi kuma Yupwe yake nufa, inda masunta suke sauke abin da suka kamo. Ƙaramin cefane kuwa, kamar na magi da gishiri da kashin tumatir guda, ba sai an je kasuwa ba, ana samunsa a kan teburan ƙofar gida a kowane lungu.

5.0 Inda Kaya Suke Fitowa

Duwala ba ta noma abin da take ci. Kusan duk abin da ke cikin kwando daga wani wuri aka kawo shi, kuma sanin asalinsa yana taimaka wa mai saye ya gane dalilin tsada ko araha.

5.1 Kayan Kudu da na Yamma

Agada da ayaba da abarba da gwanda suna zuwa ne daga yankin Mungo, garuruwa irin su Njombe da Penja da Lum, inda ƙasa take da ƙarfi saboda tokar tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Daga Penja ne kuma ake samun farin masoron nan da ya yi suna, wanda a 2013 aka yi masa rajistar da ta hana a kira masoron wani wuri da sunansa. Tumatir da tattasai da koren wake da kabeji suna fitowa ne daga tuddan yamma masu sanyi, musamman Fumbot ta ƙasar Bamun da Dschang da Mbuda. Duk waɗannan kaya sai sun ratso Bonaberi sun haye gadar kogin Wuri kafin su shigo gari. Motocin sukan taso da dare domin kaya su iso kafin rana ta taɓa su.

Masu riƙe da wannan ciniki galibi mata ne, waɗanda ake kira "bayam-salam". Sunan ya fito ne daga Turancin buroka, ma'anarsa "saya, sayar". Su ne suke tare motoci tun kafin asuba, su sari kwando ko buhu, sannan su kasa shi kashi-kashi.

A wurinsu ne Bahaushiya take haɗuwa da kayan da ba ta gada ba. Shuwaka, alal misali, Bahaushe ya san ta, amma a Duwala ita ce ganyen miyar da gari yake alfahari da ita, wato "ndole", wadda ake yi da niƙaƙƙiyar gyaɗa da nama ko jatan lande. Ana sayar da ganyen a wanke, an cire masa ɗaci, an dunƙule shi curi-curi. Akwai "miyondo" da "bobolo", wato jiƙaƙƙen rogo da aka niƙa aka naɗe cikin ganye aka dafa. Akwai "njansang", wasu ƙwayoyi masu maiƙo da ake niƙawa a miyar kifi. Akwai kuma "safu", ɗan itace mai launin shuɗi-shuɗi da ake gasawa a ci da agada, wanda yake fitowa da damina. Irin waɗannan ba su da suna a Hausa, don haka da sunayensu na gari ake kiran su.

5.2 Kayan Arewa

Albasa ita ce sarauniyar kayan arewa. Ana noma ta da rani a fadamun Marwa da Garwa, a ɗoro ta a manyan motoci ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta iso. Tare da ita akan kawo tafarnuwa da gyaɗa da wake da gero da dawa da tsamiya da zoɓo da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa da bandar kifi. Wannan ciniki yana hannun 'yan arewa, kuma yawancinsu maza ne. A rumfunansu ne mai cefane zai yi cinikinsa da Hausa ko Fillanci daga farko har ƙarshe.

5.3 Nama da Kaji

Shanun da ake yankawa a Duwala daga tuddan Adamawa da sauran yankunan arewa suke zuwa. Layin dogo ya isa Ngaundare a shekarar 1974, tun daga lokacin jirgin ƙasa ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin kawo su kudu, ban da manyan motoci. Babbar mayankar birnin tana Bonendale, a ƙetaren kogi, ƙarƙashin hukumar SODEPA mai kula da harkar dabbobi. Daga can ake rarraba nama zuwa teburan mahauta da sassafe. Da kilo ake sayar da shi, kuma farashi biyu ne: na mai ƙashi da na tsoka zalla. Kayan ciki da ƙafa da bindi da ganda kuwa cinikinsu daban ne.

Fawa tana daga cikin sana'o'in da aka san Hausawa da su a duk kudancin Kamaru. Wannan yana da muhimmanci ga Musulmi, domin a kasuwannin birnin ana sayar da naman alade da naman daji, saboda haka mai cefane yakan riƙe mahauci guda wanda ya amince da yankansa. Kaza kuma da ranta ake sayen ta. A tsakiyar shekarun 2000, bayan gangamin da wata ƙungiyar farar hula mai suna ACDIC ta yi, gwamnati ta taƙaita shigo da kajin ƙanƙara daga Turai, abin da ya farfaɗo da kiwon kaji a cikin gida. Mai saye yakan zaɓi kazarsa a keji, a yanka masa nan take a fige, ko ya kai ta gida ya yanka da kansa.

5.4 Kifi

Kifi iri uku ne a kasuwa. Akwai ɗanyen kifin kogi da na teku, tare da kaguwa da jatan lande. Shi wannan jatan lande yana da tarihi, domin saboda yawansa ne Turawan Fotugal da suka iso kogin Wuri a ƙarni na 15 suka kira shi kogin jatan lande da harshensu, kuma daga wannan suna aka samo sunan Kamaru. Akwai banda, wadda ta fi jure ajiya. Sai kuma kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje ta jiragen ruwa, wanda shi ne ya fi araha, shi ne kuma naman talaka. Wajen zaɓen ɗanyen kifi akan duba idonsa a ga ko yana sheƙi, a buɗa kumatunsa a ga ko cikinsu ja ne, a danna jikinsa a ga ko tsokar za ta dawo.

6.0 Yanayi da Lokacin Cefane

Ruwan saman da yake sauka a Duwala cikin shekara ya haura milimita 3,500, wato ya ninka na Kano sau uku ko fiye. Yuli da Agusta da Satumba su ne watannin da ya fi tsanani. Rani kuwa gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma ko a lokacin iska ba ta rabuwa da laima. Wannan yana shafar cefane ta fuska uku.

Ta farko, ajiya tana da wuya. Garin kuka ko na kuɓewa da zai yi watanni a Katsina lafiya lau, a nan yakan yi fumfuna idan ba a rufe shi da kyau ba. Albasa takan tsiro ko ta ruɓe, tumatir kuma ya narke. Ga shi ba kowane gida yake da firij ba, inda yake akwai ma wutar lantarki takan ɗauke. Don haka cefanen kullum, kaɗan-kaɗan, shi ya fi yawa.

Ta biyu, farashi yana bin yanayi. Albasa takan yi araha bayan girbinta da rani, ta yi ta hawa har ƙarshen damina lokacin da ajiyar manoma ta ƙare. Tumatir yakan yi tsada idan ruwa ya yi yawa, domin yana lalata gona yana kuma ɓata hanya.

Ta uku, sa'ar zuwa kasuwa tana da tasiri. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Mai zuwa da sassafe shi yake samun zaɓi, kaya sabbi, amma farashi a tsaye. Mai zuwa da yamma yakan sami rangwame, domin mai ganye ko mai kifi ta gwammace ta karyar da ta kwana da kayan da ba za su kai gobe ba. Sai dai araha ba ta ado, abin da aka samu a lokacin dole a dafa shi a daren.

7.0 Awo da Kuɗi

Mudu da tiya da aka saba da su a Kano ba su ne ma'aunin Duwala ba. Shinkafa da wake da gyaɗa da agushi ana auna su da kofin gilashi ko gwangwani ko bokiti. Manja da man gyaɗa da lita ake sayar da su. Agada kuwa ana iya sayen nono guda, wato curin da aka saro daga jikin itacen, ko a sayi 'yan ƙwayoyi. Kayan gwari kashi-kashi ake kasa su, na sefa 100 da na 200 da na 500. A nan akwai dabarar da ya kamata a lura da ita. Idan kaya suka yi tsada, mai sayarwa ba ta cika ƙara kuɗin kashi ba, sai dai ta rage yawan abin da ke cikinsa. Saboda haka gogaggiyar mai cefane ƙwayoyin take ƙirgawa.

Kuɗin Kamaru shi ne sefa ta ƙasashen tsakiyar Afirka, wadda bankin BEAC yake bugawa. A watan Janairun 1994 aka karya darajarta da rabi, yanzu kuma tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro 1 a kan sefa 655.957. Hausawan ƙasashen sefa, musamman na Nijar, suna da nasu salon ƙidaya, wanda ya ginu a kan dala. Dala ɗaya ita ce sefa 5. Ke nan sefa 25 dala biyar ce, sefa 100 dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 kuma jaka guda. Wannan yana iya rikita baƙo, domin idan mai irin wannan ƙidaya ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi, alhali mai bin ƙidayar Faransanci sefa 100 yake nufi. Idan an yi shakka sai a tambaya: "Ɗari ta dala ko ta sefa?" Matasan gari kuma suna da nasu kalmomin, kamar "kolo", wato sefa 1,000.

Ƙarancin canji tsohuwar matsala ce a kasuwannin birnin. Wanda ya miƙa takardar 10,000 don kashin attarugu zai daɗe a tsaye. Mai hikima yakan fara da mahauci ko mai shinkafa domin ya fasa babbar takarda, sannan ya bi masu ƙananan kaya da 'yan canjinsa.

8.0 Harshen Ciniki

Ga misalin ciniki tsakanin wata mai cefane da mai albasa. Kuɗin da aka ambata na misali ne kawai, kuma da ƙidayar sefa aka yi su.

Hajiya: Salamu alaikum. Malam, ina kwana? Ya kasuwa?

Mai albasa: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Hajiya, kasuwa da godiya. Ya maigida da yara?

Hajiya: Suna nan ƙalau. Nawa-nawa ne kashin?

Mai albasa: Wannan ɗari biyar-biyar, wancan ɗari biyu-biyu. Ta Marwa ce, jiya aka sauke.

Hajiya: Kai, Malam! Ai wancan makon kashin ya fi haka.

Mai albasa: Ba daga gare mu ba ne, Hajiya, buhun ne ya tashi.

Hajiya: To, in ɗauki uku na manyan a dubu da ɗari biyu?

Mai albasa: Albarka.

Hajiya: Da ɗari uku fa?

Mai albasa: Haba Hajiya, ko uwar kuɗi ba ta fita ba. Kawo dubu da ɗari huɗu.

Hajiya: Shi ke nan, amma ka yi mini gyara.

Mai albasa: Na sallama. Ga biyu nan na ƙara miki. Allah ya amfana.

Hajiya: Amin. Allah ya ba da kasuwa.

Akwai abubuwan lura a cikin wannan zance. Ba a fara ciniki sai an gaisa. Maimaita adadi, kamar "biyar-biyar", yana nuna kuɗin kowane ɗaya. Kuɗin da mai saye ya furta shi ne tayi. "Albarka" hanya ce ta ƙin tayi cikin ladabi, "na sallama" kuma ita ce amincewa. Uwar kuɗi ita ce abin da ɗan kasuwa ya kashe wajen saro kaya, ban da riba. Gyara kuwa ita ce ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye bayan ciniki ya faɗa. A al'ada ba a cika taya kashi guda ba, gyara ake nema. Tayi yana shigowa ne idan za a ɗauki kashi da yawa.

Da wannan Hajiya za ta matsa zuwa teburin mai agada, harshe zai sauya zuwa Faransanci ko buroka. Za ta kira dattijuwar mai kaya "Mami", ita kuma ta kira ta "aso", wato abokiyar ciniki. Gyara a can "kado" ce ko "dash". Wasu sunayen ma sukan ruɗar da wanda ya koyi Faransancin makaranta, domin a kasuwar Duwala "pistache" agushi ake nufi, "prune" kuma safu. Yakuwa da zoɓo an fi sanin su da "folere", sunan da ya fito daga Fillanci. Ganda kuwa "kanda" ake ce mata da buroka.

Aron bai tsaya ta gefe guda ba, ita ma Hausa ta bayar. Gasasshen naman da ake sayarwa da yamma a bakin titi "soya" duk gari yake kiran sa, daga kalmar suya. Kilishi yana nan da sunansa. Mutanen kudu kuma sukan kira ɗan kasuwa ɗan arewa "magida", wato maigida, ko "aboki". Bugu da ƙari, ɗalibi zai ji Hausar waɗanda ba ita ce harshensu na farko ba, inda sau da yawa ba a bambanta jinsin namiji da na mace, haka nan ba a fitar da ɓ da ɗ da ƙ sosai. Wannan ba ya hana ciniki faɗawa.

9.0 Matsalolin Mai Cefane

Babbar matsala ita ce tsada. Tun da kusan komai a mota yake zuwa, duk ƙarin kuɗin mai yakan bayyana a kashin tumatir. A ƙarshen watan Fabrairun 2008 yajin aikin direbobi kan kuɗin mai ya rikiɗe ya zama tarzomar tsadar rayuwa, wadda ta faro daga Duwala ta bazu zuwa wasu garuruwa. Gwamnati ta ce mutum 40 ne suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suka ce sun haura 100. Bayan haka aka janye harajin shigo da wasu kayan masarufi, kamar shinkafa da kifi da fulawa. Rikicin yankunan masu magana da Ingilishi, wanda ya soma a 2016, shi ma ya taɓa kasuwa, domin yankunan biyu suna cikin masu ciyar da birnin. Har ila yau, 'yan kasuwar Gabon da Ikwatoriyal Gini suna saye daga gonakin da Duwala take dogaro da su.

Matsala ta biyu ita ce tsabta. New Bell a kwari take, magudanun ruwa kuma ba su wadatar ba, don haka da damina taɓo yakan mamaye hanyoyin kasuwa. Birnin ya sha fama da cutar kwalara, ciki har da babbar annobar 2004. Saboda haka akan shawarci mai cefane ya fifita kayan da ke kan tebur a kan na ƙasa, ya wanke ganye da 'ya'yan itatuwa da ruwa mai tsabta, musamman waɗanda za a ci ɗanye.

Ta uku ita ce cunkoso. Masu tura kura da 'yan acaɓa, waɗanda a nan ake kira "benskin", da masu tafiya a ƙasa duk hanya ɗaya suke bi. Gobara ma takan tashi, kamar wadda ta cinye ɗaruruwan shaguna a kasuwar Kongo a 2012. Maganin yawancin waɗannan matsaloli a wurin mai cefane shi ne sabo. Wadda take da mahaucinta da mai albasarta da Maminta ta agada ba ta yawo da yawa, ana ajiye mata mai kyau, ana yi mata gyara, ran da kuɗi suka gaza kuma a ba ta bashi.

10.0 Kammalawa

An ga cewa cefane a New Bell ya ginu ne a kan hanyoyi biyu da suka haɗu a kasuwa guda. Ta arewa tana kawo albasa da nama da busassun kayan miya a hannun Hausawa da Fulani. Ta kudu da yamma kuma tana kawo agada da ganye da tumatir a hannun matan bayam-salam, ga kuma kifi daga kogi da teku. Yawan ruwan sama ya sa cefanen ya zama na kullum, tsada kuma ta sa ana ƙirga ƙwayoyin kashi. Mai cefane tana sauya harshe daga tebur zuwa tebur, tana aron suna inda Hausa ba ta da shi, su ma maƙwabtanta suna aron nata. Idan ta koma gida, tukunya ɗaya tana iya ɗaukar miyar kuka da daddawar Garwa da jatan landen Yupwe.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin cefane da awo da sari? Kawo jimla ɗaya-ɗaya da kowace kalma.

2. Me ya sa cefanen kullum ya fi yawa a Duwala?

3. Mayar da waɗannan zuwa ƙidayar dala: sefa 50, sefa 250, sefa 750, sefa 2,000.

4. Yi bayanin ma'anar tayi, albarka, sallama da gyara kamar yadda suka zo a cikin zancen Hajiya da mai albasa.

5. Rubuta gajeren ciniki tsakanin mai cefane da mahauci, wanda zai fara da gaisuwa ya ƙare da addu'a.